Gida na Biyu da na Uku: Lissafin da Masu Gidajen Haya Ke Tsallakewa

A Kano da Kaduna da Zariya, idan ɗan kasuwa ya samu rara ko ma'aikaci ya karɓi garatuti, shawarar da zai fara ji ita ce ya sa kuɗin a ƙasa. Hujjar ba ta canzawa: ƙasa ba ta ruɓewa, ba ta cin abinci, ɓarawo ba ya ɗaukarta. Shawara ce mai kyau ga gida na farko. Wahalar tana farawa ne a na biyu da na uku, lokacin da mutum ya soma ɗaukar kansa mai gidajen haya, domin daga nan magana ta wuce a saya ko kada a saya. Ta koma wanne za a saya, a wace unguwa, yaushe, kuma da kuɗin wa.

Yawancin masu gidajen haya a wajenmu ƙofofi suke ƙirgawa. Tambayi mutum abin da ya mallaka, nan take zai jero maka: biyu a Hotoro, ɗaya a Rijiyar Zaki, ga kango a Mariri da ake jiran a rufa. Tambaye shi nawa ya rage a hannunsa bara, bayan an cire gyaran rufi da yashe masai da la'adar dillali da watannin da wani ɗaki ya yi a kulle, sai ya ce ai dai an gode Allah. Godiya wajibi ce, amma ba ta hana riƙe littafi. Wanda bai san abin da gidansa na farko yake kawowa ba, ba shi da abin auna na biyu sai bakin dillali, shi kuwa dillali ranar da aka sallama yake cin abinci.

Gida yana yi wa mai shi aiki iri biyu, kuma ba kasafai gida ɗaya yake iya duka biyun da kyau ba. Yana adana dukiya kada tsadar kaya ta cinye ta, yana kuma kawo kuɗin haya. A ɗauki misali. Gida mai ɗaki uku da falo a unguwa mai kyau, an saye shi naira miliyan 60, ana ba da shi haya miliyan 2 da rabi a shekara. Wato kashi 4 da ɗoriya cikin 100. A cire gyara, a cire harajin ƙasa, a cire wata biyun da yakan yi tsakanin fitar wani da shigar wani, da ƙyar a tsira da kashi 3. To a ajiye wannan kusa da sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017, wanda ya ba da kashi 16.47 a shekara, mai shi bai taɓa kiran mai gyaran famfo ba. A ajiye shi kuma kusa da hauhawar farashi, wadda hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024.

Ba cewa ake gida asara ba ne. Wanda ya sa miliyan 60 a sukuk, ranar da wa'adi ya cika miliyan 60 ɗin za a mayar masa, alhali ta riga ta rame. Gida kuwa farashinsa yana bin na siminti da rodi da filin maƙwabta, kuɗin haya ma ana ƙara shi lokaci-lokaci. Sai dai ribar tashin farashi ba a cin ta sai an sayar, kuma ba ta biyan kuɗin makarantar yara a watan Satumba. Ga wanda yake auna dukiyarsa da kuɗin waje ma, ribar tana iya zama ta baki kawai. Dalar da ake saya wajen naira 750 a kasuwar canji ta Wapa a farkon 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da yake sayo kaya daga ƙasar Sin, in gidansa bai ninka ba a wannan tsakani, baya ya ci, ko da dillalai suna taya shi murna.

Akwai wata dabara da ake yawan yaɗawa, asalinta daga Amurka: ka ci bashin banki na shekara 30, ka sayi gida, ɗan haya ya riƙa biyan bashin, in gidan ya yi daraja ka jinginar da shi ka sayi wani. Can tana tafiya, domin suna da bashin gida mai dogon wa'adi da kuɗin ruwan da ba ya motsi, wanda ko da ya yi tsada a 2023 wajen kashi 8 ya tsaya. Nan kuwa Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwambar 2024, bankunan kasuwanci kuma a kan wannan suke ɗora nasu. Gida mai kawo kashi 4 ba zai ɗauki bashin kashi 30 ba, tun kafin a zo ga hukuncin riba a addini. Asusun gidaje na ƙasa, da aka kafa a 1992, yana ba da rance a kashi 6, amma don ma'aikaci ya mallaki gidan da zai zauna aka yi shi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, suna da ijara da musharaka, waɗanda suka kawar da damuwar riba. Amma ribar da suke nema ita ma tsadar kuɗi a ƙasar take bi, ba kuɗin hayar Hotoro ba.

Saboda haka a wajenmu gida ba ya haifar gida da sauri. Wanda yake barin kashi 4 a shekara sai ya shekara 25 kafin ya tara kuɗin sayen irinsa, shi ma in farashi ya tsaya cik. Kuɗin gida na gaba kusan kullum daga wani wuri yake fitowa: kasuwa, albashi, gona, ko sayar da wani fili da ya yi daraja. Shi ya sa amsar "yaushe" ta fi zama a aljihun mai saye fiye da a kasuwar gidaje.

Lokacin saye ya yi ne in gidajen da ake da su sun daina roƙo. Rufinsu ya tsallake damina ba ya yoyo, sokawe ba ya cika duk wata uku, 'yan haya suna biya ba sai an kai ƙara wajen mai unguwa ba, kuma akwai ajiyar da za ta ɗauki gyaran shekara guda ko da ɗaya ya zauna babu kowa. Wanda ya kwashe wannan ajiya ya haɗa don ya cika kuɗin sabon gida, ranar da famfon burtsatse ya ƙone a tsohon, zai koma roƙon ɗan haya ya gyara a cire a kuɗin baɗi. Daga nan iko ya bar hannunsa. Ɗan kasuwa kuma yana da tambaya ta musamman: jarin da zai zare daga shago, wanda yake juyawa sau biyar ko shida a shekara, nawa yake kawowa? Sau da yawa gidan da aka saya da jarin shago shi ne yake kashe shagon, daga baya a sayar da gidan cikin gaggawa don a biya masu kaya.

In aljihu ya yarda, sai a duba kalanda. Gida a watan Agusta ake ganinsa. Da rani kowace unguwa lafiyayya ce, fenti sabo ne, layi a bushe. Da damina ne ake gane inda kwata take ƙarewa, da layin da Adaidaita ba ya shiga, da gindin bangon da danshi ya ci aka shafe da siminti. Kasuwar Kantin Kwari kanta ruwa ya shige ta a daminar 2022 ya lalata kaya masu yawa, kuma gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa na cikin abin da aka ɗora wa laifi. A Maiduguri, fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta nutsar da unguwannin da mutane suka yi shekaru suna ɗauka ruwa ya manta da su, alhali a 1994 an taɓa yin irinta. Tsofaffin unguwa sun fi kowane dillali sanin inda ruwa yake bi, kuma ba sa karɓar la'ada.

Farashi mai sauƙi kuwa ba shi da wata. Yana zuwa ne ranar da mai gida yake buƙatar kuɗi fiye da gida: magada na son a raba, wani zai biya kujerar Hajji kafin wa'adi ya cika, ɗan siyasa ya shiga kakar zaɓe, wani an yi masa canjin wurin aiki. Irin wannan ciniki mai kuɗi a hannu ne yake samunsa, ba wanda zai ce a ba shi wata uku ya haɗa ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa zama da kuɗi a wani abu mai saurin komawa tsaba, ana jira, ba ragwanci ba ne. Sai dai tsakanin sayen gida da rahusa da cin gajiyar wanda ciwo ko bashi ya kai bango akwai tazara, kuma mutanen unguwa ba sa manta wanda ya tsallaka ta. Mai gidan haya da unguwa ta ƙi jininsa zai ga abin a ranar da yake neman shaida.

Ga kuma tsohuwar muhawara, a gina ko a sayi ginanne. Amsarta tana canzawa da farashin siminti. Buhun da ake saya ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024, har sai da gwamnati ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar a riƙa sayarwa tsakanin 7,000 da 8,000. A irin wannan lokaci kayan gini sukan riga gidaje tashi. Mai tsohon gida yana kiran farashin bara, alhali kuɗin ba zai gina irinsa ba bana. Wanda ya sayi ginanne a wannan tsakani ya ci riba tun ranar ciniki. Wanda kuwa ya fara gini da lissafin bara, shi ne ya tsaya a linta. Kango shi ne mafi munin abin da mai gidajen haya zai mallaka: ya haɗiye kuɗin gida, ba ya kawo ko sisi, ruwa yana dukan bulo, ga kuɗin mai gadi. Wanda kuɗinsa ba zai kai rufi da ƙofa ba, gara ya gina fulat ɗaya a gefen filin ya sa mutum, da ya ɗora harsashin huɗu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani abin da yake sa mutane gaggawa shi ne labarin aikin gwamnati. Da an ce titi zai bi nan, ko za a kawo kasuwa can, sai filaye su tashi a mako guda. Wani lokaci abin yana tabbata. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya sa waɗanda ba su taɓa taka Rigasa ba suka san hanyarta, duk da cewa harin 28 ga Maris 2022 ya tsayar da jirgin har zuwa Disamba. Wani lokaci kuma jiran yana tsawo. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a Kano an gina su tun tsakanin 2011 da 2015, da tituna da tsari, amma gidaje da yawa a cikinsu sun yi shekaru babu mazauna. An aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023. Wanda ya sayi fili a kusa da su da nufin ajiya, yana iya jira. Wanda yake neman kuɗin haya ba zai iya ba. Sanarwa ba ta kama ɗaki. Mai neman kuɗin haya yana shiga unguwa ne bayan ya ga mai shayi ya kafa tebur, makarantar Islamiyya ta cika, masu kayan miya sun baje. Zai biya fiye da wanda ya riga shi, kuma wannan ƙarin shi ne kuɗin samun ɗan haya tun watan farko.

Wannan ya kawo mu ga abin da za a saya, kuma a nan ne na fi ganin masu kuɗi suna ɓata. Mutum yakan sayi gidan da shi zai so ya zauna: babban falo, tsakar gida mai faɗi, wurin ajiye mota uku. Amma ba shi zai zauna ba. Kafin a kalli gini, a fara sanin wanda zai shiga: wane ne, daga ina kuɗinsa yake fitowa, a wane wata yake samu, me zai sa ya tashi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Mai irin wannan samu, ko mai ninkinsa, ba ya cikin masu neman gidan miliyan 3. Yana cikin masu neman ɗaki ɗaya, ko ciki da falo, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Abuja ta isa misali: manyan gidaje a Maitama da Asokoro suna kulle shekara da shekaru, ma'aikatan da ke riƙe da birnin kuwa kullum da asuba suna kan hanya daga Mararaba da Nyanya da Kubwa da Suleja.

A ƙasar Hausa akwai ɗan hayan da ba ya yankewa, shi ne ango. Ba a kai amarya sai an ga inda za a ajiye ta, kuma duk wanda ya taɓa ba da haya ya san yadda ake yi: ango ya biya, amma dangin amarya ne suke yanke hukunci ranar da suka zo ganin gida kafin jere. Za su auna ko gado da sif za su shiga, su leƙa kicin, su tambayi ruwa, su duba ko ƙofarta daban take ko za ta riƙa gamuwa da mazan wani gida a zaure. Fulat mai ɗaki biyu da falo, da ƙofarsa da 'yar tsakar gidansa inda za a yi shanya ba a ganta, ba ya daɗewa babu kowa. Fuloti ɗaya mai ƙafa 50 da 100 da aka raba fulat uku irin wannan yakan kawo fiye da katafaren gida ɗaya a kan filin, kuma in ɗaya ya tashi, biyu suna nan. Aibinsa shi ne ango ba ya dawwama. Da 'ya'ya sun kai uku, ko an ƙara aure, zai nemi wani wuri, sai a sake fenti.

Ƙananan ɗakuna na haɗaka sun fi kowane gida kawo kuɗi idan aka auna da abin da aka kashe, kuma sun fi kowanne cin rai. Gida mai ɗaki goma da banɗaki biyu, kullum akwai shari'a: wa zai share, wa ya kunna hita, wa bai biya kuɗin wuta ba. Tun da aka ɗaga farashin lantarki na masu rukunin A zuwa naira 225 kowace yunit a Afrilun 2024, mita ɗaya ga gida mai mutane da yawa ta zama tushen rigima, kuma gidan da kowa yake da tasa mita ya fi saurin shiga. Haka ruwa. Gida mai burtsatse da sola a unguwar da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, mai shi ne yake zaɓen ɗan haya. Sau da yawa kuɗin da za a ba da kafin alƙalami na sabon gida, in aka zuba shi a ruwa da mita da tayil a tsohon, ya fi kawo ƙarin haya. Ba dai a iya faɗar hakan a majalisa da alfahari, shi ya sa ba a cika yi ba.

Shago wani lissafi ne. Ɗan kasuwa yana biya a kan kari saboda abincinsa yana wurin, yana gyara da kansa, kuma ba ya kiran mai gida da tsakar dare. Amma darajar shago ƙafar mutane ce, ita kuwa hukuma tana iya karkatar da ita da sa hannu ɗaya. Gadar sama tana ɗauke motoci daga ƙofar shagon da a da suke tsayawa. Shingen tsakiyar titi yana raba shi da rabin masu sayensa. Da aka tilasta wa masu sayar da magunguna na Sabon Gari komawa Dangwauro a Fabrairun 2024, ba su kaɗai abin ya taɓa ba, har da masu shaguna da sito-sito da suka dogara da su.

Darasin bai tsaya a shago ba. Duk unguwar da 'yan hayanta suke ci daga tukunya ɗaya, mai gida ma daga ita yake ci. Kakuri da Makera a Kaduna sun rayu da masaƙu. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi a 2007, masu gidajen haya suka wayi gari da ma'aikatan da ba su da albashi kuma ba su da inda za su koma. Ɗakunan ɗalibai a Samaru ko Danbare suna kawo kuɗi sosai, amma yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba: ɗalibi ya biya shekara bai zauna ba, ya dawo yana roƙon a ɗaga masa, sababbi kuma ba su shigo ba. A Maiduguri ƙungiyoyin agaji sun ɗaga farashin manyan gidaje, sannan Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025, da yawa suka rage ma'aikata. Rikicin Kaduna na 2000 kuwa ya sa mutane suka sake zama, kowa ya koma ɓangaren kogin da yake ganin ya fi masa aminci, wasu suka sayar da gidaje a wulaƙance. Saboda haka wanda yake da gida biyu na ɗalibai, na ukunsa ya kamata ya nemi wani irin ɗan haya. Ba sai ya tafi wani gari ba. Gidan da mai shi ba zai iya leƙawa a mako ba, wakili ne yake cin amfaninsa.

Sannan takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da gida mai takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, yana buƙatar amincewar gwamna. Da yawa ba sa bin wannan mataki, sai ka ga gida ya wuce hannu uku takarda tana ɗauke da sunan na farko. Bincike a hukumar filaye, wato KANGIS ko KADGIS ko AGIS, da tabbatar da izinin gini daga KNUPDA ko KASUPDA, ba ya kai kuɗin fentin ɗaki biyu, amma shi ake fara yafewa. Filin awon igiya da shaidar mai unguwa ya fi araha, kuma dubban mutane suna zaune lafiya a irinsa. Sai dai banki ba ya karɓarsa jingina, layinsa yakan yi ƙunci, kuma in titi ya zo diyyarsa ba ta kai ta mai takarda ba. Mutum yana iya riƙe ɗaya irin wannan. Ya tara dukiyarsa duka a kansu, wannan ganganci ne.

Takardar ma ba ita ce ƙarshe ba. A Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, waɗanda masu su suke riƙe da takardun gwamnatin da ta gabata. Kotun tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ko wa yake da gaskiya a wannan rigima, mai saye ya koyi tambayar da ba ta cikin fayil: kafin a yanka wurin nan, mene ne shi? In filin makaranta ne, ko maƙabarta, ko jikin badala, ko hanyar ruwa, to wata gwamnati tana iya tunawa. Kuma kowane gida da aka ƙara, an ƙara harajin ƙasa da za a riƙa biya; a Maris 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye 4,794 saboda an haura shekara goma ba a biya ba.

Gidan gado ya fi kowanne yawa a kasuwa, ya kuma fi kowanne jawo shari'a. Babban wa ba shi ne magada ba. Sai an ga takardar rabon gado ta kotu, an san kowane mai rabo ya yarda, har da matan da ke gidan aure a wani gari da marayun da wani yake tsaya musu. A fiƙihun Malikiyya akwai haƙƙin shufu'a: wanda ya sayi kason ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba, sauran suna iya mayar masa da kuɗinsa su karɓe. In kuma akwai ɗan haya a ciki, a tambayi har zuwa yaushe ya biya. Wani mai gidan yakan karɓi hayar shekara biyu sannan ya sa gidan a kasuwa, kuma ɗan hayan shekara-shekara, in babu wata yarjejeniya a rubuce, notis na wata shida doka take ba shi. Akwai ma ɗan hayan da babu notis ɗin da yake fitar da shi, wato ɗan'uwa. Duk mai gidaje ya san da zarar labari ya bazu za a zo da maganar wane da ba shi da wurin zama. Taimako ne mai lada, amma a rubuta gidan a shafin sadaka tun farko, kada a riƙa ƙirga shi cikin masu kawo kuɗi.

Ƙaruwa ba kullum take nufin ƙari ba. Wani lokaci matakin da ya dace shi ne a sayar da ɗaya. Gidan da filinsa ya yi tsada amma hayarsa ta tsaya, kamar tsohon gini a unguwar da ta koma ta 'yan kasuwa, yana iya sayen fulat huɗu a wani wuri da za su ninka abin da yake kawowa. Mai iyali da yawa yana da ƙarin dalili: ƙananan gidaje suna rabuwa tsakanin magada, katafaren gida ɗaya kuwa sai dai alƙali ya ce a sayar. Niyya ma tana canza hukuncin zakka, domin gidan da aka ajiye don haya kuɗin hayarsa ake fitar wa in ya kai nisabi ya shekara, wanda aka saya don a sayar kuwa ya shiga babin kayan kasuwanci. Sai dai musanya ba kyauta ba ce. La'ada sau biyu, da kuɗin lauya, da na amincewar gwamna da rajista, a gida mai kawo kashi 4 suna iya cinye hayar shekara biyu ko uku kafin sabon ya fara barin wani abu a hannu.